RA'AYINMU: Bindigar Kare Kai, Wa Take Karewa?

Tun ranar da Janar T. Y. Ɗanjuma ya tsaya a Jalingo cikin watan Maris na 2018 ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu, maganar mallakar bindiga ba ta sake kwanciya ba a ƙasar nan. Gwamna Aminu Bello Masari ya maimaita ta a Jihar Katsina a 2021, sa'an nan gwamnatin Zamfara ta fito fili cikin watan Yuni na 2022 ta ce duk wanda ya cancanta ya nemi lasisi. Mu ma nan a ɗakunan kwananmu da gindin itatuwan da muke hira, da zarar an taɓo zancen sai ka ji wani ya ce, "Ai a Amurka kowa da bindigarsa, shi ya sa ɓarawo ke shakkar haura katanga." Kafin ya rufe baki wani ya tare shi da cewa, "A Amurkar da ake harbe yara a cikin aji?" Tun da yake kowane ɓangare Amurka yake kafa hujja da ita, mun ga ya kamata wannan mujalla ta duba yadda gardamar take a can inda aka haife ta, domin kada mu riƙa aron hujjar da ba mu san asalinta ba.

Bari mu fara da abin da babu musu a kansa. Gyara na biyu na Tsarin Mulkin Amurka, wanda aka zartar a 1791, ya ba jama'a ikon riƙe makamai, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa wannan iko na kowane mutum ne shi kaɗai, ya ajiye bindiga a gidansa don kare kai, ko da ba ya cikin wata runduna. A 2022 kotun ta ƙara da cewa ikon ya haɗa da fita da ita waje. Wata cibiyar bincike da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi wajen miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, watau sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 kuwa, bisa ga lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, mutum 48,830 suka mutu ta hanyar harbi. Daga cikinsu 26,328 su suka harbe kansu, 20,958 kuma wasu ne suka harbe su da gangan. Ragowar sun haɗa da haɗari da harbin 'yan sanda. A shekarar 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota, ta zama abin da ya fi kome kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19.

Masu goyon bayan bindiga ba su ƙaryata waɗannan alƙaluma ba. Abin da suke cewa shi ne, ku ɗora su a kan sikeli ɗaya da rayukan da bindiga ta ceta. Nan ne suke fito da adadin da ya fi kowane shahara a wannan gardama: wai sau miliyan biyu da rabi a kowace shekara Amurkawa ke amfani da bindiga su kare kansu ko dukiyarsu. In haka ne, a ce duk gawa ɗaya akwai mutum hamsin da bindiga ta fid da su daga hannun mugu, to, ai magana ta ƙare.

Amma daga ina wannan adadi ya fito? A 1993 wasu malaman nazarin laifuffuka biyu, Gary Kleck na Jami'ar Jihar Florida da abokin aikinsa Marc Gertz, suka sa aka buga wa kimanin mutum 5,000 waya, aka tambaye su ko sun taɓa amfani da bindiga don kare kai. Wajen mutum 66 suka ce sun yi haka cikin shekarar da ta wuce, watau kashi ɗaya da ɗan ɗori cikin ɗari. Aka ɗauki wannan ɗan kaso aka ninka da yawan manyan mutanen ƙasar, kusan miliyan 190 a lokacin, sai ga miliyan biyu da rabi. An buga sakamakon a 1995, kuma tun daga lokacin yake yawo a bakin 'yan siyasa da lauyoyi. Ba mu ce malaman nan sun yi maguɗi ba, hanyar da suka bi sananniya ce ga duk wanda ya zauna a ajin ƙididdiga. Sai dai duk wanda ya zauna a wannan aji ya san raminta, kuma David Hemenway na Jami'ar Harvard ya nuna ramin a 1997. In abin da kake nema ba safai yake faruwa ba, 'yan ƙalilan da suka amsa da "i" bisa kuskure sun isa su kumbura maka lissafi har ya fashe. A ce cikin kowane mutum ɗari da aka tambaya, guda ɗaya tak ya ƙara gishiri, ko ya manta ya jawo abin da ya faru shekara uku da suka wuce ya sa shi cikin bara, ko kuwa ya ji motsi a bayan gida da dare ya leƙa da bindiga bai ga kowa ba, amma ya ɗauka ya kori ɓarawo. Wannan mutum ɗaya cikin ɗari shi kaɗai ya kusa cinye adadin gaba ɗaya. Ga shi kuma labari ne mai daɗin faɗi. Wane namiji ne ba ya son a ji cewa ya tsaya a ƙofar gidansa ya kori mugu?

Akwai wata hanya ta gwada adadin. Cikin waɗanda suka amsa wa Kleck, kimanin kashi 8 cikin 100 sun ce sun raunata ko sun kashe wanda ya kawo musu hari. In aka ninka wannan yadda aka ninka na farko, za a sami miyagu wajen 200,000 da aka harba a shekara guda, alhali kuwa dukan masu raunin harsashi da asibitocin Amurka ke karɓa a shekara, mai laifi da marar laifi, ba su kai haka ba. Kleck da kansa ya yi gargaɗi kada a dogara da wannan ɓangaren, don waɗanda suka ba da amsar ba su da yawa. To, mu dai a ganinmu, in reshe ya ruɓe haka, dole a ƙwanƙwasa gindin itacen.

Ita gwamnatin Amurka tana da nata binciken, wanda take yi tun 1973, inda ma'aikatan ƙidaya ke bin dubban gidaje duk bayan wata shida suna tambayar wanda aka yi wa laifi da abin da ya yi don ya kare kansa. Adadin da ke fitowa daga nan yakan tsaya tsakanin 60,000 da 100,000 da 'yan kai a shekara. Dubi tazarar! Kleck ya ce wannan bincike ya yi ƙasa ƙwarai, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce: mai tambayar ma'aikacin gwamnati ne, ya san sunanka da gidanka, wanda kuwa ya zare bindigar da ba shi da takardarta ba zai faɗa masa ba, bugu da ƙari ba a tambayar kowa zancen kare kai sai wanda ya riga ya ce an yi masa laifi. Wani bincike na 2021 da William English na Jami'ar Georgetown ya yi ta irin hanyar Kleck ya sami wajen miliyan 1.67. Saboda haka shekara talatin ke nan ana ja, wannan ya ce dubu sittin, wancan ya ce miliyan biyu, kuma kwamitin masana na ƙasar da ya duba maganar a 2004 bai iya raba gardamar ba.

A nan ne muke so mai karatu ya tsaya ya lura. Abubuwa biyun da ake ɗorawa a kan sikelin nan ba jinsi ɗaya ba ne. Mutum 48,830 ɗin nan kowanne yana da suna, da takardar shaidar mutuwa da likita ya sa wa hannu, da kabari. Miliyan biyu da rabi kuwa labari ne da mutum ya bayar a kan kansa ta wayar tarho, babu shaida, babu jin ta bakin ɗaya ɓangaren. Kuma ko da labarin gaskiya ne, ba kowane zare bindiga ne ya ceci rai ba; da yawa dukiya ce aka kare, da yawa kuma cacar baki ce ta yi zafi. Hemenway da abokansa sun taɓa tattara irin waɗannan labarai suka miƙa wa alƙalan kotunan laifi biyar, aka roƙe su su ɗauka cewa mai labarin gaskiya ya faɗa kuma yana da lasisi. Duk da haka alƙalan suka ga cewa fiye da rabin labaran, mai yiwuwa shi mai bindigar ne ya karya doka. An buga wannan a shekarar 2000.

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da muke nufi, kuma ya shafe mu mu ɗalibai. Cikin watan Oktoba na 1992, wani yaro ɗan Japan mai shekara 16 da ya je karatu birnin Baton Rouge a Jihar Louisiana ya fita da abokinsa za su wani biki, suka yi ɓatan kai suka ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Maigidan ya fito da libarba ya daka masa tsawa da Turanci ya tsaya; yaron bai gane ba, ya ci gaba da matsowa yana cewa biki suka zo. Aka harbe shi a ƙirji ya mutu. Kotun laifi ta sallami maigidan a 1993, ko da yake daga baya wata kotu ta sa ya biya iyayen diyya. To, a 1993 ɗin ne aka yi ta buga wayar nan ta Kleck. Da a ce lambar wannan maigida ta faɗo cikin waɗanda aka kira, da me zai amsa? Lalle da zuciya ɗaya zai ce ya kare iyalinsa. Ga rai guda ya shiga lissafin gawawwaki, ya kuma shiga lissafin "kare kai" a lokaci ɗaya.

Kada a ce mun rufe ido ga ɗaya gefen. Bindiga takan ceci rai, wannan ba ƙarya ba ne. Ran 17 ga Yuli, 2022, wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a wani rukunin kantuna a garin Greenwood na Jihar Indiana ya kashe mutum uku, sai wani saurayi ɗan shekara 22 da ya zo sayayya ya zare tasa ya harbe shi cikin daƙiƙa 15. Allah kaɗai ya san yawan waɗanda za su mutu da babu shi. Wata biyu kafin wannan, a garin Uvalde na Texas, jami'an tsaro 376 suka taru a wata makarantar firamare suka yi fiye da sa'a guda ba su kutsa ajin ba, aka kashe yara 19 da malamai biyu. Wanda ya ga haka ya ce shi ba zai jira hukuma ba, da wane baki za ka ce masa ya yi wauta? Akwai kuma tarihin 'yan'uwanmu baƙaƙen fata na can. A 1964, a garin Jonesboro na Louisiana, wasu magidanta baƙaƙe, da yawansu tsofaffin soja, suka kafa ƙungiya suna gadin unguwanninsu da masu fafitikar neman 'yanci da bindigogi, domin 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan na ƙone-ƙone da kashe-kashe, 'yan sandan yankin kuwa ko dai sun kau da kai ko suna ciki. Wannan kare kai ne na haƙiƙa. Abin dariya, ko abin kuka, shi ne da 'yan Black Panther suka fara yawo da bindigogi a fili a California, nan da nan a 1967 aka yi dokar hana haka, wanda ya sa mata hannu kuwa Gwamna Ronald Reagan ne, gwarzon masu ra'ayin riƙau. Ashe 'yancin nan ma yana duba launin mai riƙe da shi.

Amma labarin jarumi ɗaya, kome daɗinsa, ba ya amsa tambayar da ke gaban magidanci. Tambayarsa ita ce: in na sayi bindiga na ajiye a ɗakina, iyalina sun fi samun aminci ko sun fi shiga haɗari? A kan wannan tambaya hujja ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, domin gawa ake ƙirgawa a ɓangarorin biyu. A 1993 likita Arthur Kellermann da abokansa suka duba kashe-kashen cikin gida a yankunan Memphis da Seattle da Cleveland, suka ga gidan da ke da bindiga ya ninka wanda babu kusan sau uku wajen haɗarin a kashe wani a cikinsa, kuma galibi mai kisan ɗan gida ne ko sananne. Aka soki binciken da cewa watakila waɗanda ke cikin haɗari tun farko su ne ke sayen bindiga, kuma sukar tana da ma'ana. Sai dai maimakon a ƙara bincike, ƙungiyar masu bindigogi ta NRA ta matsa wa majalisa lamba, a 1996 aka yanke dala miliyan 2.6 daga kuɗin hukumar CDC, daidai abin da ta kashe a kan binciken bindiga, aka kuma hana ta amfani da kuɗinta wajen duk abin da zai zama kiran a taƙaita makamai. Sai a ƙarshen 2019 majalisa ta sake ware kuɗi don wannan aiki. Jay Dickey, ɗan majalisar da ya kawo dokar, ya fito kafin rasuwarsa ya ce ya yi nadama. Mai tabbacin cewa lissafi na gefensa ba ya kashe fitila a kan mai ƙirga.

Da aka sami damar bincike mai faɗi, ga abin da ya fito. David Studdert na Jami'ar Stanford da abokansa sun bi sawun mutum miliyan 26 a California har tsawon shekara 12, suna haɗa rajistar masu zaɓe da ta masu sayen bindiga da ta mamata. A 2020 suka bayyana cewa namijin da ya mallaki ƙaramar bindiga ya ninka wanda bai mallaka ba fiye da sau uku wajen kashe kansa, mace kuwa sau bakwai, kuma duk ƙarin ta hanyar bindigar ne, don ta sauran hanyoyi ba su fi kowa ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Baƙin cikin da ke kai mutum ga wannan hali sau da yawa guguwa ce mai wucewa, kuma mafi yawan waɗanda aka ceto ba su sake komawa ba; amma kunamar bindiga ba ta ba da damar ceto, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Sojojin Isra'ila sun gwada wannan a 2006, suka hana matasan soja tafiya gida da bindiga ran hutun ƙarshen mako, sai kashe kai a rundunar ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. A 2022 Studdert ya sake fito da wani sakamakon: wanda ba shi da bindiga amma yana zaune gida ɗaya da mai ita ya ninka sauran mutane fiye da sau biyu wajen haɗarin a kashe shi, waɗanda abokan aurensu suka harbe kuwa galibinsu mata ne. Kariyar da ake tsammani daga baƙon mugu, ba a gan ta a cikin alƙaluman ba.

Haka kuma da aka sassauta doka don a ba mai kare kai ƙarin fili. A 2005 Jihar Florida ta ce wanda ya ji tsoron za a hallaka shi ba sai ya nemi hanyar ja da baya ba, ko a titi ne, yana iya harbi. Masu binciken da suka duba shekarun da suka biyo baya sun sami ƙarin kisa na kimanin kashi 24 cikin 100 a jihar.

To, mu dawo gida, tun da daga gida muka tashi. Za a ce mana, kuma da gaskiyar mai faɗi, halin manomin Zurmi ko na Batsari ya fi kama da na mutanen Jonesboro na 1964 bisa ga na wani attajiri a California. Hukuma ta yi nisa, maharan sukan zo da yawa a kan babura, ba wanda zai buga wa waya ya zo cikin minti goma. Ba za mu zauna a inuwar jami'a mu yi wa wanda aka sace 'yarsa wa'azin haƙuri ba. Amma daidai wannan bambanci shi ne ya sa hujjar Amurka ba ta yi mana rana. Gardamarsu a kan ɓarawo ɗaya ne ko biyu da mai gida ɗaya. Adaka ko bindigar farauta da Dokar Makamai ta 1959 ta yarda a ba farar hula lasisinta ba za ta tsaya gaban mutum hamsin masu AK-47 ba. Abin da zai biyo bindigar zuwa gidajenmu ba tare da canji ba shi ne ɗaya rabin lissafin: faɗan miji da mata, rikicin gona da na gado, zafin zaɓe, yaron da ya buɗe akwatin babansa, saurayin da ya faɗi jarrabawa ya ga duniya ta ƙare. Maharan za su zo sau ɗaya ko sau biyu a shekara, ko ma ba su zo ba. Bindigar tana nan ɗaki dare da rana. Mun kuma riga mun ɗanɗana. 'Yan sa-kai a Zamfara sun fara ne da sunan kare kai, amma kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka hura wutar da har yau ba ta mutu ba. Su ma, da an tambaye su ta waya, kare kai za su ce.

Saboda haka wannan mujalla ba ta goyon bayan kiran kowa ya sayi tasa. Gwamnan da ya ce wa talakawa su nemi bindiga ya faɗa musu ne a fakaice cewa ya kasa aikin da ya yi rantsuwa a kansa, kuma bai kamata mu tafa masa ba. In har dole ne mutanen gari su riƙe makami, to, ya zama a ƙarƙashin rajista da horo da shugaban da za a iya kai shi kotu, makamin kuma ya kwana a ma'ajiya in an tashi aiki. Rundunonin tsaron al'umma da Katsina ta kafa a 2023 da Zamfara a 2024 da wannan ma'auni ya kamata a auna su, kuma mu da za mu shiga ofisoshin gwamnati gobe mu ne za mu riƙe fayilolinsu.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu tun yanzu. Amurkawa, duk da rigimarsu, sun san adadin mamatansu har zuwa mutum na ƙarshe, shi ya sa ake iya kama mai ƙarin gishiri. Muna kira ga 'yan'uwanmu na sashen koyon likita da na nazarin zaman jama'a, musamman masu neman abin da za su rubuta a kundin shekarar ƙarshe, su nemi izni su shiga littattafan ɗakin haɗari na asibitocin koyarwa. Duk wanda aka kawo da raunin harsashi a rubuta abu huɗu: wace irin bindiga ce, a ina aka yi harbin, mene ne tsakanin wanda ya harba da wanda aka harba, kuma ta wane ne bindigar. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga wanda ya fara kawo mana sakamakon shekara guda.